Ratar tsakanin nono bayan aikin sa silikon: abin da za ki auna kafin tiyata da yadda za ki kula bayanta

Wani ƙorafi da ake yawan ji a bakin matan da sunka yi aikin ƙarin nono, ko a Abuja anka yi ko Legas ko Alƙahira ko Istanbul, ba na girma ba ne, girma kam an samu tunda shi anka biya wa kuɗi. Ƙorafin shi ne "Anti wai mi ya sa tsakaninsu ya yi nisa haka, ni fa na ɗauka za su haɗe kamar na hoton da na nuna mishi". To 'yar uwa gara ki ji tun yanzu, ratar da ke tsakanin nonuwanki ba likita ke tsara ta ba, ƙashin ƙirjinki ne ke tsara ta da kuma wurin da Allah ya dasa kowane nono. Likita na iya rage ta kaɗan in ya san aikinshi, amma in kinka matsa mishi sai ya rufe ta gaba ɗaya kuma ya biye miki, ɓarna za a yi irin wadda gyaranta ya fi aikin farko wuya da tsada.

Batun halasci kuwa na malamai ne, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba. Galibinsu suna bambanta gyaran lahani, kamar wadda anka cire ma nono saboda kansa ko wadda ta ƙone ko wadda ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba, da kuma neman ƙarin ado zalla, suna kafa hujja da sahabi Arfaja da anka yanke ma hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinari. Ki kai ma malaminki naki yanayin kafin ki sayi tikiti. Ni nawa a nan na jiki ne.

Fara da taɓa ƙashinki

Ki sa yatsa a ɗan ramin nan na ƙasan maƙogwaro ki gangaro tsakiyar ƙirji, wanga ƙashi mai faɗi da kike ji shi ne haƙarƙari ke haɗuwa a jikinshi hagu da dama. A gefenshi biyu babbar tsokar ƙirji ta kama, kuma fatar da ke bisanshi a manne take da shi, shi ya sa ko mace ta yi ƙiba ya ya wurin ba ya tara kitse sosai. Wannan mannewar ita ce katangar da ta raba nono biyu. Wata ƙashin nata siriri ne sai ka ga nonuwan sun faro kusa da juna, wata kuma nata mai faɗi ne ko da nononta ya cika riga akwai fili a tsakiya, duka halitta ne ba ciwo ba.

Abu na biyu kan nono. Robar silikon, wato 'yar jakar da likita ke sawa cikin nono don ya ƙara girma, dole ta zauna daidai bayan kan nono, shi ya zama a tsakiyarta. In naki kawunan sun ɗan kalli gefe tun asali sai likita ya turo robar ciki don a samu haɗuwa, tudun zai koma tsakiya amma kan nonon ya tsaya inda yake, sai ki ga ƙirjin ya koma harara garke, ɗaya na kallon gabas ɗaya yamma, kuma a cikin rigar mama kan nonon ya dinga leƙowa ta gefe. Likitan kirki ba zai yarda ya yi miki haka ba.

Yadda za ki auna a ɗaki ba wuya. Ki samu tef irin na tela da jagira, ki tsaya gaban madubi ba riga, hannuwa a sake a gefe, kada ki ɗaga kafaɗa kada ki riƙe numfashi. Ki ja layi ɗaya da jagirar daga ramin maƙogwaro zuwa ƙasa ta tsakiyar ƙashi. Sai ki sa tafin hannu ki turo nono ɗaya a hankali zuwa tsakiya, za ki ga inda fatar ta lanƙwasa, nan ne iyakar nonon ta ciki, ki ɗiga alama, ki yi ma ɗayan haka. Tsakanin ɗigo biyun nan ita ce ratarki ta asali. In yatsu biyu ne sunka cika ta, wato santimita 2 zuwa 3, kina cikin waɗanda za su ga nonuwan kusa bayan aiki. In yatsu uku ne ko huɗu to ki sa ma ranki bayan aiki ma za a ga fili, zai dai ragu. Daga nan ki auna faɗin nonon kanshi daga ɗigon ciki zuwa inda ya ƙare wajen hammata, a miƙe ba bin tudu ba, sannan daga layin tsakiya zuwa kowane kan nono. Kada hankalinki ya tashi in kinka ga na dama da na hagu ba su zo ɗaya ba, kusan kowa haka take, amma ki rubuta a takarda, don bayan aiki bambancin ya fi fitowa tunda komai ya ƙara girma, sai mace ta ce likita ya karkata mata nono alhali da karkatarshi ta je.

Ki kuma juya gefe ki dubi siffar ƙirjin. Mai ƙirji da ya ɗan lotsa ciki a tsakiya, ita robar gangarowa tsakiya take yi, tana samun haɗuwa cikin sauƙi amma ita ce kuma ta fi shiga hatsarin su haɗe fiye da kima. Mai ƙirjin da ƙashin ya turo gaba kamar na tantabara kuwa robar zamewa take zuwa gefe, ratarta ta fi kowa faɗi kuma babu girman da zai rufe ta. Akwai kuma masu nono mai siririn gindi da ya tsiro kamar bututu, nesa da juna, wannan aikinshi daban ne sai an saki gindin ta ciki. Wadda kuma shayarwa ta zubar ma da nono ya kwanta, roba kaɗai ba ta ɗaga shi, sai an haɗa da aikin ɗagawa, tabonshi ya fi yawa, ki san da wannan.

Ba yawan cc ne magana ba

Kowa cc take tambaya, wato ma'aunin yawan abin da ke cikin robar, wance nawa anka sa mata, 300 ko 400. Amma abin da ya shafi rata faɗin gindin robar ne. Kowace roba tana da faɗi da kuma tudu, akwai mai shimfiɗa, akwai matsakaiciya, akwai mai tsini gaba. In kinka ɗauki biyu masu cc ɗaya, a ce 350, mai tsinin ta fi matsakaiciyar ƙanƙantar gindi da kusan santimita 1, tunda ruwan gaba ya tafi ba gefe ba. Ma'ana in ƙirjinki mai faɗi ne kinka nace sai mai tsini don kin ji ana yabonta, za ki samu tudu biyu a tsaye da fili a tsakaninsu, abin da kike gudu ke nan. Mai faɗin ƙirji matsakaiciya mai faɗin gindi ta fi dacewa da ita. Amma shi ma da iyaka, in robar ta wuce faɗin nononki da kinka auna, ragowar ba tsakiya kaɗai za ta je ba, hammata za ta cika hannunki ya dinga gogar ta, ko kuma ta dinga tura katangar tsakiya har ta ɓalle.

Gwajin shinkafa da ake yi, a zuba a safa a cusa a rigar mama, kofin awo ɗaya kusan cc 240, yana da amfani don ki ga yadda rigunanki za su zauna. Amma ba ya nuna rata ko kaɗan, kada ya ruɗe ki.

Sai maganar inda za a sa ta, bisa tsoka ko ƙarƙashinta. In ƙarƙashin tsoka ce, inda tsokar ta kama ƙashin tsakiya shi ne iyaka, robar ba ta wuce nan, don haka ratar kan ɗan fi faɗi, kuma in kinka yunƙura da hannu za ki ga nonon ya motsa ya ja gefe. Amfaninta ta fi rufuwa, gefen robar ba ya nunawa, hoton binciken kansa ma ya fi fita. In bisa tsoka ce ana iya matso da su kusa kaɗan, sai dai fatar tsakiyar ƙirji ita ce mafi siranta, in ke siririya ce nan ne za a dinga ganin yamutsewar robar ta cikin fata, wurin da kike son ya yi kyau shi zai tona asiri. Likitoci na matse naman saman nono da yatsu su auna, in bai kai santimita 2 ba galibi ƙarƙashin tsoka suke ba da shawara. Akwai ta tsakiya da anka fi yi yanzu, saman robar a ƙarƙashin tsoka ƙasanta a ƙarƙashin naman nono, wani likitan Amurka John Tebbetts ya bayyana ta a 2001. A ganina siririya ta haƙura da ɗan fili ta zaɓi rufuwa, fili rigar mama na gyara shi, yamutsewa kuwa sai wata tiyatar.

Wurin likita, kada kunya ta hana ki magana, kuɗinki ne kuma jikinki ne. Ki ce Dakta don Allah auna min ratata ka faɗa min santimita nawa ce yanzu kuma nawa kake ganin za ta koma. Ki tambayi faɗin robar ba cc kaɗai ba. Ki ce ya nuna miki hotunan matan da ya yi ma aiki masu irin ƙirjinki, na kafin aiki da na bayan wata shida, a tsaye hannu a sake ba riga, ba wanda anka matse da damtse ba. Likitoci da yawa suna barin kusan santimita 1.5 kowane gefen layin tsakiya ba su taɓawa, in ya ce miki haka ki gode mishi. Wanda ya ce miki "Hajiya kada ki damu duk yadda kike so za mu haɗe su" tun bai sa tef a jikinki ba, ki ɗauki jakarki. A Najeriya ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci MDCN kuma ƙwararren likitan gyaran jiki ne da ya gama horo, suna da ƙungiya NAPRAS, ba kowane mai farar riga da shafin Instagram ba. Ki tambayi wa zai sa ki barci kuma a wane asibiti. In a waje ne ki samu mai fassara da ba ɗan kamashon asibitin ba.

Hotunan nan da kike gani kuwa, na 'yan fim da masu talla, kusan duk rigar mama ce mai turowa da tef da iya tsayuwa. Nono na halitta ma komin girmanshi in mace ta tuɓe ta tsaya galibi ba ya haɗewa, in ta kwanta rigingine kuma gefe yake zubewa. Su acuci maza ai kun san aikinsu.

Bayan an sauko daga gado

Satin farko zuwa na uku kada ki yanke hukunci kan komai. Nonuwan za su hau sama su yi tauri su yi ƙyalli, musamman in ƙarƙashin tsoka ne don tsokar ta ɗaure, siffar ma kamar mai kusurwa. Tsakiyar ƙirji na kumbura, wata sai ta ga kamar sun haɗe ta yi murna ko ta tsorata, bayan sati biyu uku kumburin ya saɓe fili ya fito sai ta ce sun rabu, alhali ruwa ne ya janye. Wata kuma akasin haka, da fari nesa da juna ƙiƙam, da tsokar ta saki sai su sauko su yi laushi su ɗan matso. Wanga saukowa na ɗaukar wata uku zuwa shida, wani lokaci har shekara, kuma ba lallai su sauko tare ba, ɗaya kan riga ɗaya. Ki dinga ɗaukar hoto duk sati biyu a wuri ɗaya da haske ɗaya, shi zai nuna miki canjin, ido na yau da kullum ba ya gani. Ki kulle wayar dai.

Inda matanmu ke ɓata aikin shi ne hidimar gida. Takardar asibiti za ta ce kada a ɗaga abu mai nauyi na sati huɗu zuwa shida, sai mace ta ce ai ni ba na ɗaga ƙarfe, ta manta tuƙin tuwo da muciya tsokar ƙirji ce ke yin shi, daka haka, jan guga haka, matse wanki, ɗaukar bokitin ruwa ko jarka, ɗaga yaro ɗan shekara biyu a saɓa a kafaɗa, goyo da ɗaure zane tam bisa ƙirji. Duk yunƙurin da tsokar ta yi robar take turawa waje da ƙasa, kuma a makonnin farko aljihun da likita ya buɗe mata cikin nama bai gama kamewa ba, in ya buɗe ta gefe shi ke nan ratar ta ƙaru. Don haka tun kafin tahiya ki shirya wadda za ta riƙe miki gida, ƙanwa ko 'yar aiki, wata ɗaya da rabi. Kwanciya rigingine da filo biyu uku a baya, ba rub da ciki ba, gefe ma sai likita ya ce. Sallah in sujada na ja miki ɗinki a kwanakin farko ki yi a zaune, addini ya ba da sauƙi. Keke Napep da kabu-kabu a kan hanya mai gargada ki ɗan ƙaurace musu.

Ga kuma zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu Sakkwato na haura digiri 40, ga ɗauke wuta, yankan kuma galibi a lanƙwasar ƙasan nono yake inda zufa ke taruwa, ga rigar asibiti mai matsewa dare da rana, ga hijabi a sama. In da hali ki sa aikin lokacin hunturu. In ba hali ki sayi rigar nan guda biyu ko uku kina canzawa kina wankewa, wurin ya zama a bushe, kada ki barbaɗa hoda ko ki shafa man kaɗanya ko zuma ko wani haɗi kan ɗinkin da bai rufe ba. Gashi da ruwan zafi irin na jego da turaren tsuguno mai sa zufa duk a ajiye, fatar nonon ba ta ji sosai a lokacin, za ki iya ƙonewa ba ki sani ba. Shisha da sigari suna hana rauni warkewa, a bar su makonni kafin aiki da bayanshi. In jikinki mai yin tabo mai tudu ne, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, ki faɗa tun kafin a yanka, baƙar fata ta fi yin shi kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi so.

Rigar mama mai ƙarfe a ƙasa da mai turowa tsakiya a jira sai likita ya ba da izini, galibi bayan sati shida ko fiye. Na san ɗokin biki, ana son a sa leshi ya zauna, amma matse su tsakiya tun aljihun na ɗanye shi ke ɗaga fatar tsakiya. Haka tausa, kada ki kalli bidiyo ki hau tura su ciki da ƙarfi wai don su matso. Wasu likitoci na sa a yi tausa wasu ba su sawa, roba mai kaushin baya ma ba a yi mata, ki bi abin da wanda ya yi miki aikin ya ce.

In sun haɗe, ko sun yi nisa

Haɗewar da ake tsoro likitoci na ce mata simastiya. Aljihun biyu ne ke matsowa har katangar tsakiya ta saki, fatar ta tashi daga kan ƙashi, nonon ya zama kamar guda ɗaya a shimfiɗe daga hammata zuwa hammata. Yadda za ki gane, bayan kumburi ya saɓe ki sa yatsa ɗaya ki danna tsakiyar ƙirji. In kinka ji ƙashi nan take ƙarƙashin fata lahiya lau. In kuwa fatar a ɗage take kamar tanti, sai kin nutsa yatsa kafin ki taɓa ƙashi, da kin saki ta sake tashi, ko kina iya tura robar ta tsallake layin tsakiya, to ki kira likita a satin nan ba sai wata mai zuwa ba. Akwai riga ta musamman mai maɗauri da ke danne tsakiya, in an kama abin da wuri takan taimaka, amma wanda ya zauna sai tiyata, a ɗinke aljihun ta ciki ko a yi sabo, sau da yawa a sauya roba zuwa mai ƙaramin gindi, wani lokaci a ƙara raga don ta riƙe, kuma duk da haka yana iya dawowa. Shi ya sa na ce fili kaɗan ya fi.

In nisa ne ya dame ki bayan wata shida, ki fara gano wane iri ne. Ki ɗauko takardar awonki ta farko. In ratar daidai take da ta asali ko ta ragu kaɗan to ba abin da ya lalace, halittarki ce, maganinta rigar mama mai kyau da anka auna ki, yanzu da akwai abin turawa za ki ga haɗuwar da ba ki taɓa samu ba. In kuwa kinka kwanta rigingine robar ta sulale cikin hammata tsakiyar ƙirji ya zama fayau, aljihun ne ya buɗe ta gefe, ana ɗinke shi ta wajen hammata a mayar da ita gurbinta. In nonon ya yi tauri ya dunƙule ya hau sama, ko yana ciwo, wannan fatar da jiki ke saƙawa kewaye da robar ce ta ƙanƙance ta matse ta, likitoci na auna shi mataki 1 zuwa 4, na 3 da na 4 ne ake ma tiyata, kuma ya fi samun waɗanda anka gasa ma ƙirji da na'urar asibiti saboda kansa. In kuma robar ce ta yi ma ƙirjin kaɗan a faɗi sai a sauya mai faɗi.

Hanyar da ta fi dacewa da rage fili ba tare da taɓa katangar ba ita ce dashen kitse, a zuƙo daga cikinki ko cinya a tace a zuba a gefen ciki na kowane nono. Yana laushin gefen robar ya rage filin kaɗan, sai dai wani kaso na kitsen jiki na shanye shi cikin watanni, ana iya buƙatar zagaye na biyu, kuma in kinka rame shi ma ya rame. Gyara kowane iri ba a gaggawarshi, galibi sai an cika wata shida zuwa shekara nama ya huce.

Abin da ba zan gaji da faɗa ba, kada ki bari kowa ya yi miki allurar ciko a nono, a shago ko a gida ko ɗakin otal, wai a cike tsakiyar. Ruwan silikon da ake ɗurawa kai tsaye yawo yake cikin nama ya dunƙule ya ruɓar da fata, yana iya bin jini ya je huhu, cire shi kuma wani lokaci sai an haɗa da nonon. Su kunun alkama da hulba da ridi da ake haɗawa na gyaran nono abinci ne, in kinka yi ƙiba nono ya ɗan ciko, amma ba su matsar da ƙashi, man shafawa ma haka, mai kayan mata duk daɗin bakinta ba ta da maganin rata.

Alamun da ba a jiran safiya da su: nono ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya fi ɗayan sosai da ciwo mai tsanani, wannan jini ne ke taruwa. Zazzaɓi da ja da zafi a wurin ko ruwa mai wari, kada ki ce maleriya ce ki aika kemis. Ciwon ƙwauri ɗaya da kumburi, ko numfashi ya dinga yankewa, musamman bayan doguwar tahiya a jirgi, gudan jini ne mai kisa. Shi ya sa ba a hawa jirgi kwana biyu bayan aiki, a zauna sati ɗaya zuwa biyu likita ya duba ya sallama, a jirgin kuma a dinga tashi ana takawa. In kin riga kin dawo gida ki wuce asibitin koyarwa na UDUTH ko Specialist, kuma ki faɗa musu gaskiya akwai roba a ƙirjinki, ɓoyewa don kada a ji a gari ita ke sa a yi ta maganin abin da ba shi ba.

Kafin ki baro asibitin da anka yi aikin ki karɓi katin robar, mai sunan kamfani da lamba da girma, da takardar bayanin tiyatar da ta nuna bisa tsoka ne ko ƙarƙashi. Ba ado ba ne. A 2010 an janye robar kamfanin PIP na Faransa da anka gano silikon na masana'anta sunka zuba, a 2019 kuma Allergan ya janye masu kaushin baya na Biocell saboda wata kansa da ba ta cika faruwa ba mai fitowa a fatar da ke kewaye da roba, alamarta nono ya tara ruwa ya kumbura shekaru bayan aiki. Wadda ba ta da kati ba ta san ko tata na ciki ba. Robar kuma ba ta har abada ba ce, wadda anka cika da ruwan gishiri in ta fashe nonon saɓewa yake ki gani da ido, ta silikon kuwa tana iya fashewa shiru, don haka hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a yi sikanin ko hoton MRI bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk shekara 2 zuwa 3. Ranar da za ki yi hoton binciken kansar nono ki sanar da su tun wurin yankar kati, akwai yadda suke tura robar baya su ɗauki ƙarin hotuna. In kuma kina sa ran haihuwa nan kusa gara ki jinkirta aikin, ana iya shayarwa da roba musamman in yankan ta ƙasan nono ne ba ta bakin kan nono ba, amma ciki da shayarwa za su sake canza siffar da ratar duka, sai a dawo ana sabon awo.